Ƙarin Mangala Ba Ya Ƙara Wa Jaki Ƙarfi: Zancen Ƙara Soket A Gida

Kwanan baya wata 'yar tafiya ta bi da mu ta hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta nufi Jega, muka ya da zango a Boɗinga, wanshekare muka zarce Shagari. A Boɗinga mun sauka gidan wani malamin makaranta ne, dattijo mai karimci, wanda ba za mu ambaci sunansa ba don kada mu kunyata mai masaukinmu. Bayan sallar lisha muna zaune a zaure ana hira, sai muka ji yara sun ɗauki sowa a bakin titi, watau an kawo wuta. Nan da nan gida ya ruɗe. Wannan ya sheƙo da wayarsa ta hannu, wancan da tocila, wani saurayi ya zo da hita da bokitin ruwa, uwargida ta aiko a yi wa yara gugar kayan makaranta, maƙwabta kuma suka aiko da nasu wayoyin. Duk wannan kaya kuwa a kan soket guda aka ɗora shi, ta hanyar akwatunan jona wuta biyu masu doguwar waya, ɗaya a bayan ɗaya.

Da aka jima sai muka ji ƙauri irin na roba. Muka kai bayan hannu kusa da soket ɗin, muka ji hucin zafi, muka haska tocila, sai ga bakinsa na dama ya yi baƙi ƙirin. Muka ce, "Allah ya gafarta Malam, wannan abu fa ya kusa kamawa." Ya yi murmushi ya ce, "Ai tun da munka shigo gidan ga haka mu kai, babu abin da yaf faru. Amma na yi niyyar ƙara huɗu. Akwai wani yaro, ya iya aikin wuta, gobe shina zuwa shi ja mini waya daga fitilag ga."

Wannan magana tasa ta ƙarshe ita ta fi tayar mana da hankali, ita ce kuma dalilin wannan rubutu. Niyyar Malam ta ƙara soket daidai ce, gama soket guda bai isa gida ba a wannan zamani, kuma jera akwatunan jona wuta ya fi kome haɗari. Inda gizo ke saƙar shi ne wurin da za a jawo wayar, da irin wayar, da wanda zai ja ta. Mun ga irin wannan hali a Shagari, mun tabbata kuma akwai shi a Sifawa da Kajiji da sauran garuruwan da falwaya ta isa. Mun nufi akawuna da malamai da zancen, domin ku jama'a ke kallo. Abin da aka ga gidan Malam ya yi, shi unguwa za ta yi.

DAGA KAINJI ZUWA ZAURE

Wutar lantarki ta shigo Ikko tun kafin shekarar 1900, amma ta daɗe ba ta iso ƙauyukan ƙasar Sakkwato ba. An kafa hukumar ECN a 1950, aka gama madatsar ruwan Kainji a 1968, aka haɗa hukumomin wuta suka zama NEPA a 1972. Daga baya sunan ya koma PHCN a 2005, sa'an nan daga 2013 aka shiga miƙa kamfanonin rarraba wuta ga 'yan kasuwa. Boɗinga da Shagari suna cikin rabon kamfanin Kaduna, wanda ya ƙunshi jihohin Kaduna, Kebbi, Sakkwato da Zamfara. Babban layin da ke kawo wuta Sakkwato ta Birnin Kebbi ya biyo daga Kainji. Sunan Nepa dai har yau ya ƙi barin bakin yara.

Abin lura shi ne, aikin kamfani a bakin mita ya tsaya. Daga mita zuwa cikin ɗaki, wuyan maigida ne. Gidaje da yawa kuwa an yi musu wayarin ne sa'ad da kayan wutar mutum duka duka akwatin rediyo ne da fanka da ƙwai uku. Yau ga firji, ga talabijin, ga injin markaɗe, ga wayar hannu a aljihun kowa. Har wa yau akwai wani abin da ya keɓanta da mu. A ƙasar da wuta ba ta yankewa, mutum ya kan yi guga da safe ya dafa ruwa da yamma, nauyin ya rarrabu. Mu kuwa da ya ke ba mu san sa'ad da za a ɗauke ba, da zarar an kawo sai a kunna kome gaba ɗaya. Saboda haka wayar gidanmu ta fi ta Bature shan wahala, ko da kayansa sun fi namu yawa.

LISSAFIN DA YA KAMATA A FARA YI

Kowa ya san wanda ya ƙara wa jaki mangala bai ƙara masa ƙarfi ba, wurin zuba kaya kurum ya ƙara. To, soket mangala ne, wayar da ke bayansa ita ce jakin. In ka ƙara soket huɗu a kan waya guda, ka ƙara wuraren jona kaya ne, amma waya tana nan yadda ta ke. Don haka kafin a sayi kome, sai a ɗauki takarda da alkalami, aikin da akawu da malami suka fi kowa iyawa.

Ƙarfin turin wuta ana auna shi da bolt, kuma na gidajenmu 230 ne bisa ƙa'ida. Yawan wutar da ke gudu cikin waya ana auna shi da amfiya. Cin wutar kowane kaya kuwa da wat a ke faɗinsa, yana rubuce a jikin kayan ko a ƙarƙashinsa. In ka raba wat da 230, abin da ya fito shi ne amfiya. Dutsen guga mai wat 1,000 yana jan amfiya 4 da 'yan kai. Hita mai wat 1,500 tana jan 6 da rabi. Butar lantarki mai wat 2,000 tana jan kusan 9. Fankar sama ba ta cika wuce wat 75 ba, cajar waya kuwa abin da ta ke ci bai taka kara ya karya ba. Filogin nan namu mai ƙafa uku iyakarsa amfiya 13, watau kimanin wat 3,000. Ka ga ke nan dutsen guga da butar lantarki su kaɗai sun cika mudun, kome aka ƙara a kansu zubewa zai yi. Wayoyin hannu ashirin ba su kai hita guda nauyi ba. Duk kayan da aikinsa kawo zafi ne, shi ne abin tsoro.

Ga wata ƙa'ida da ya kamata malamai su koya wa 'yan manyan aji, tun ba a Shagari ba, garin da ya haifi Alhaji Shehu Shagari, wanda ya koyar da kimiyya a Midil ta Sakkwato tun kafin ya zama shugaban ƙasa a 1979. Zafin da waya ke yi ba daidai da ƙaruwar wuta ya ke ƙaruwa ba. In wutar da ke bi ta cikinta ta ninka biyu, zafin sau huɗu zai ninka. In ta ninka uku, sau tara. Shi ya sa wayar da ta shekara goma lafiya ta kan narke dare ɗaya, ranar da aka yi baƙi aka ƙara hita guda.

Sai kuma zafin ƙasarmu. Robar da aka naɗe wayar gida da ita an yi ta ne ta jimre zafin da bai wuce digiri 70 ba, kuma lissafin nauyin da aka yanka wa kowace waya an yi shi ne bisa zaton zafin wuri digiri 30 ne. A ƙasar Sakkwato kuwa watan Afrilu ya kan haura 40 a inuwa, balle tsakanin silin da kwano da tsakar rana. Bisa jadawalin masu sana'ar, in zafin wuri ya kai 40, waya kashi 87 cikin 100 na nauyinta za ta iya ɗauka; in ya kai 50, kashi 71 kaɗai. Watau jakinmu tun kafin a ɗora masa kaya ya riga ya sha rana. Duk mai gyaran wutar da ya ce waya siririya ta isa domin haka ya saba yi, a tambaye shi ko ya taɓa shiga silin a watan bazara.

INDA ZA A JAWO WAYAR

Gidan da aka yi wa wayarin na ƙwarai yana da akwatin rarraba wuta kusa da mita, daga nan layuka suka rabu, na fitilu daban, na soket daban, kowane da fiyus ko birekarsa. Layin fitila siririyar waya ce, mai kaurin milimita 1.5 ko 1, fiyus ɗinta kuma amfiya 5 ko 6. Layin soket kuwa milimita 2.5 ne. Wanda ya jawo soket daga fitila, kamar yadda yaron nan ya yi nufi, ya ɗora kayan raƙumi a kan ɗan akuya. Da an jona dutsen guga da hita sai fiyus ya tsinke. In ya tsinke sau biyu sau uku, sai a gaji a naɗa masa wayar jan ƙarfe mai kauri, wani ma har ƙusa ya kan sa, a ce an huta. Ba a huta ba. Fiyus mai gadi ne da aka ajiye don ya mutu a madadin gida. In aka hana shi tsinkewa, wayar cikin silin ita za ta zama fiyus, a can kuwa akwai katako da ƙura da sheƙar ɓera. Bugu da ƙari, layin fitila a gidaje da yawa ba shi da wayar ƙasa, wadda za mu zo kanta nan gaba.

Hanyar gaskiya biyu ce. Ta fari, a ɗauko reshe daga soket ɗin da ke kan babban layin soket. A tsarin Ingila da muka gada, layin soket ya kan tashi daga akwati ya zaga ɗakuna ya komo akwati kamar zobe, fiyus ɗinsa amfiya 30 ko bireka 32. Daga soket guda na kan zoben an yarda a ɗauki reshe guda, ya ciyar da soket guda, mai baki ɗaya ko mai baki biyu. Ba a ɗaukar reshe daga reshe, sai fa in an sa wani fiyus na amfiya 13 a gindin reshen ya tsare duk abin da ke bayansa. Dalili kuwa a fili ya ke: zobe ta hanya biyu wuta ke zuwar masa, reshe ta hanya ɗaya, birekar 32 kuma ba za ta ji kukan waya guda mai 2.5 ba sai ta riga ta gasu. Wani gidan ba zobe aka yi masa ba, layi ne miƙaƙƙe mai birekar amfiya 20. Ana iya ƙara soket a ƙarshen irin wannan, muddin jimlar kayan ba ta wuce ƙarfinsa ba. Gane wanne ne wanne ba da ido a ke yi ba, sai an buɗe an auna.

Ta biyu, ita muka fi so ga mai son soket uku ko huɗu, a ja sabon layi tun daga akwatin rarrabawa da birekarsa ta kansa. Ya fi cin waya, amma nauyinsa bai hau kan kowa ba. Na'urar sanyaya ɗaki da murhun lantarki da injin jan ruwa kuwa, dole kowane da layinsa.

Zancen waya kanta, araha ba ta ado. Kasuwa cike ta ke da wayar da aka rubuta wa 2.5 alhali ba ta kai ba, da wadda cikinta alminiyam ne aka shafa masa jan ƙarfe a baya. A kankare bakinta da wuƙa. In fari ya bayyana, a mayar wa mai ita. A kara mata maganaɗisu; in ya kama ta, ƙarfe ne, gama jan ƙarfe ba ya bin maganaɗisu. A nemi mai tambarin NIS na hukumar SON mai kula da ingancin kaya. Ana yin waya mai kyau a cikin ƙasar nan, ba sai ta waje ba. Ita kuma lallausar wayar nan mai igiya biyu a murɗe, wadda a ke ratayawa a ƙusa daga ɗaki zuwa ɗaki, ba ta wayarin ba ce ko kaɗan.

A sa waya cikin bututun roba, ko a binne ko a kafe shi a fuskar bango. Daga soket ta miƙe sak zuwa sama, ko ta bi a kwance sak, kada ta yi karkace, domin wanda zai kafa ƙusar rataye kalanda bayan shekara biyar ya san inda zai kauce wa. A ginin ƙasa mun fi son a bi fuskar bango a kafe soket a kan katako busasshe, saboda bangon laka yana shan damshi da damina, ga gara, ga ɓera mai son gaigayar roba. A ɗaga soket daga ƙasa yadda ruwan shara da hannun mai rarrafe ba za su kai gare shi da sauƙi ba. Ba a sa shi a makewayi, ba a sa shi kusa da randa ko wurin alwala. Kowane haɗi a yi shi cikin akwati, a ɗaure da sukuru tamau. Haɗin da aka murɗa da hannu aka naɗe da leda, shi ne mafarin yawancin ƙaurin da a ke ji, domin inda haɗi ya yi sako-sako nan zafi ke taruwa, fiyus kuwa ba ya ganin wannan.

WAYA TA UKU

Soket ƙafa uku gare shi, wayoyinsa ma uku. Mai kawo wuta ja ce a tsohon tsari, ruwan ƙasa a sabo. In kana fuskantar soket tana dama, wurin da aka rubuta L. Mai mayar da wuta baƙa ce a da, shuɗiya a yanzu, tana hagu, wurin N. Ta uku kore ce, ko kore da rawaya, tana sama, wurin E, ita ce wayar ƙasa. In aka juya ta fari da ta biyu kaya za su yi aiki sarai, ba wanda zai gane, amma makunni zai riƙa yanke wayar da ba ita ba, kaya na kashe wuta na cikinsa.

Wayar ƙasa ita a ke yawan bari don tsimi, domin fanka na juyawa ba tare da ita ba. Amfaninta sai ranar da roba ta goge a cikin firji ko dutsen guga, wuta ta hau jikin ƙarfen. In akwai wayar ƙasa, wutar sai ta bi ta, mai gadi ya yanke. In babu, sai ta jira wanda zai taɓa, ta bi ta jikinsa. Mu kuwa mutane ne masu yawo ba takalmi a kan daɓen siminti, sau biyar a yini kuma hannu da ƙafa a jiƙe da ruwan alwala. Wutar da ke kashe mutum ba ta da yawa: kashi 50 cikin 1,000 na amfiya guda ya isa ya rikita bugun zuciya, tun kafin nan ma hannu ya kan ƙanƙame ya kasa saki.

Wayar ƙasa a jikin sandar jan ƙarfe ta ke ƙarewa, wadda a ke kafawa cikin ƙasa. Nan ma ƙasarmu ta kawo nata. Rairayi busasshe ba ya karɓar wuta da kyau, don haka sandar da ta yi aiki a watan Agusta tana iya zama hoto a watan Maris. A kafa ta da zurfi a wuri mai laima, in ta kama a kafa biyu a haɗa su, a kuma auna ta da na'ura da rani. Waɗansu su kan zuba gawayi da gishiri a ramin. Yana taimakawa da fari, amma gishiri na cin ƙarfe, ruwan sama kuma na wanke shi, saboda haka ba a yi a manta. Tun da ya ke sanda kaɗai ba abin dogara ba ce a irin wannan ƙasa, shawararmu ita ce a sa birekar nan mai jin yoyon wuta, wadda a ke rubuta wa RCD ko ELCB, mai lamba 30mA. Ita tana gwada wutar da ta fita da wadda ta komo, in ta ga gibi ta san ta bi ta wani wuri, sai ta yanke kafin ƙiftawar ido. Tana da maɓallin gwaji a goshinta, a riƙa danna shi bayan 'yan watanni.

Shi filogin mai ƙafa uku masu kusurwa ba banza aka yi shi haka ba. A Ingila aka fito da shi a 1947, sa'ad da a ke sake gina gidaje bayan Yaƙin Duniya na Biyu, cikin kwamitin da ya tsara shi kuma har da wata mace injiniya, Caroline Haslett. Aka sa fiyus a cikin kowane filogi, aka sa wa bakunan soket 'yan ƙyamare don yara, aka tsawaita ƙafar sama don ita ta fara shiga ta buɗe su. To, kayan da ke shigo mana ta Illela daga Birnin Ƙonni, da na ƙasar Sin, da yawansu filogi mai ƙafa biyu zagayayyu gare su, irin na Faransa. Sai ka ga mutum ya soka tsinken ashana ko murfin biro a ramin sama ya danna ƙyauren, ya cusa. Wani ma filogin babu, tsirarar waya biyu zai tura ya toshe da tsinke. Yaro na kallo, gobe da ƙusa zai gwada. Magani shi ne a yanke filogin a sa namu, da fiyus daidai da kayan: amfiya 3 ga rediyo da fitila, 13 ga guga da buta. Kayan gwanjo na Amurka kuma na bolt 120 ne, ba a jona su kai tsaye.

"AI AN ƊAUKE WUTA"

Wannan kalma ta yi sanadin rayuka. Ɗauke wuta ba kashe wuta ba ne, domin wanda ya ɗauke bai yi maka alkawarin sa'ad da zai mayar ba. Mai aiki na ƙwarai babban makunni ya kan kashe, ya zare fiyus ya sa a aljihunsa, don kada wani mai neman alheri ya zo ya mayar. Sa'an nan ya gwada na'urar awonsa a inda ya san akwai wuta, ya auna wayoyin da zai taɓa, ya sake gwada na'urar. 'Yar testar nan mai ƙwan ja a gindi ba shaida ba ce, gama ta kan ƙi haske a rana ko in mutum na tsaye kan busasshen abu. A tuna kuma gidajen yanzu ƙofar wuta ba ɗaya ba ce: akwai janareta, akwai batirin sola da inbata, wadda ba ta ƙara balle a san tana aiki.

Da muka ambaci janareta, akwai wani mugun aiki da muka gani a Shagari, inda aka yi waya mai filogi kai biyu, ɗaya a janareta ɗaya a soket na ɗaki, wai don wuta ta zaga gida. Ƙafafun filogin da ke hannun mai jonawa tsirara su ke da wuta. Ban da haka, in an manta ba a kashe babban makunni ba, wutar sai ta fita ta bi layi ta koma taransifoma, ita kuwa ta ɗaga ta zuwa dubban bolt, alhali wataƙila ma'aikaci na bisa falwaya ya sakankance layi a kashe ya ke. Janareta sai ta makunnin canji, mai raba wutar kamfani da ta gida. Jan waya ta kan katanga zuwa gidan maƙwabci haɗari ne, zagaye mita kuwa laifi ne a dokar wutar lantarki ta 2023, ban da haɗarinsa.

WA ZAI YI AIKIN?

Ba mu rubuta wannan don akawu ya ajiye alkalami ya ɗauki filaya ba. Mun rubuta ne don ya san abin da zai tambaya. Tun 2015 akwai hukumar NEMSA, wadda ke duba ingancin aikin wuta tana kuma ba masu wayarin takardar shaida. A nemi mai takarda, ko da za a ɗauko shi daga Sakkwato, Boɗinga dai ba nisa. A tambaye shi daga ina zai ɗauko wutar, wace waya zai sa, ina wayar ƙasa, da me zai auna in ya gama. In ya ce kunna fanka shi ne awo, a sallame shi. Ba muna raina yaran da suka koyi aiki a hannun iyayen gidansu ba ne, akwai gwanaye cikinsu, amma gwani ba ya jin haushin tambaya. Ma'aikacin da ke gidan haya ko gidan gwamnati kuma ya nemi izni tukuna, ya tuna za a iya yi masa canjin wurin aiki gobe, wani ya shigo da iyalinsa ya gaji abin da aka binne a bango bai sani ba.

Waɗansu za su ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Haka ne, amma an umurce mu da ɗaure raƙumi kafin tawakkali. Wanda ya ga abin da gobara ta yi wa babbar kasuwar Sakkwato a watan Janairu na 2021 ya san aikin wuta da hunturu, sa'ad da kome ya bushe iska kuma na kaɗawa. A garuruwanmu ga zana, ga dangar kara, ga harawa a bisa rumfa, ga rumbu a tsakar gida, motar kashe gobara kuwa kafin ta iso an yi abin da za a yi. In soket ya kama, a kashe babban makunni tukuna, a zuba rairayi. Ba a watsa ruwa matuƙar wuta na kan layi. In wuta ta kama mutum, kada a taɓa shi da hannu. A kashe makunni, ko a ture shi da busasshiyar sanda ana tsaye a busasshen wuri. In ba ya numfashi a shiga danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi ba tsayawa, kada a ɗura masa kome a baki. Ko ya farfaɗo ya ce lafiya lau, a kai shi asibiti, domin ƙunar lantarki ta ciki ta fi ta waje.

Da muka komo daga Shagari mun sake biyawa ta gidan mai masaukinmu. Muka tarar ya dakatar da yaron, ya cire soket ɗin da ya ƙone, ya kuma zauna da ɗalibansa biyu sun bi kayan gidan ɗaya ɗaya suna karanta wat suna rubutawa a bayan tsohuwar rajista. Jimlar abin da a ke jonawa a zaure ta haura wat 3,000 nesa ba kusa ba. Ya ce kuɗin sabon layi da bireka sai an yi albashi, kuma soket biyu zai fara sawa maimakon huɗu. Kafin nan ya kafa doka a gidan, ba a kunna hita sai an gama guga.